Na canza filta da salansa, mashin ya daina ja: jiklar mai lamba nawa zan sa?

Ɗan Yelwa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Ina da matsala, kuma na san gidan nan ba ya rasa masana. Mashin ɗina 150 ne ɗan Sin, mai inji irin na Honda CG, shekararsa biyu a hannuna a nan Garwa ta Kamaru. Sati biyu da suka wuce na cire akwatin filtar iska da ya zo da shi na ɗaura ƙaramar filta buɗaɗɗiya mai raga, na kuma sa salansa mai faɗin baki da aka kawo mini daga Mubi. Niyyata ya ƙara ja, don nakan ɗauko kaya daga kasuwar Pitowa ranar Lahadi. Sai abu ya koma baya. In na ba shi wuta da sauri sai ya yi kamar an shaƙe shi kafin ya ɗauka. In na saki wuta a gangara salansa ta riƙa harbi ke nan tas-tas. In na tsaya kuma ba ya saukowa silo da wuri, sai ya daɗe yana kuka a sama. Zafin injin har ta cikin wando nake jin sa. Na kwance buji na gan shi fari fat. Kafiretar PZ27 ce, babban jiklar an rubuta 98 a jikinsa, ƙaramin 38. Lamba nawa zan saya?

Mai Gudu Domayo: Wa'alaikumus salam. Sa 120 ka huta, abokina. Shi ne a nawa a nan Marwa, kuma ba wanda ke wuce ni a hanyar Mora.

Na Gashiga: Ku yi haƙuri, mene ne jiklar kuma? Ni a Mubi na koyi gyara.

Mai Kayan Gyara: Shi ne abin da kuke ce wa jet a can, ɗan uwa, ɗan tagullar nan mai rami da fetur ke bi ta cikinsa a kafireta. Buji kuma fulogi. Mu nan bakinmu ya saba da na Faransanci.

Ɗan Kilando Njamena: Ba sai ka kashe kuɗi ba. Mu a nan zare ɗaya muke cirowa daga wayar birki mu sosa ramin jiklar ɗin har ya ɗan buɗe. Minti biyar an gama.

Baban Gareji: Ɗana na Yelwa, kada ka yi ko ɗaya cikin biyun nan tukuna. Da farko ajiye mashin ɗin daga doguwar tafiya har a gyara. Buji fari da zafin da ka faɗa, ma'anarsa mai ya yi wa injin kaɗan, iska ta rinjaye shi. Injin da ke tafiya a haka bawul yake ƙonawa, wani lokaci har kan fistin ya huje. Na sha ciro fistin mai rami a tsakiya kamar an ɗiga masa wuta, kuma kusan duk labarin ɗaya ne: an cire akwatin filta, an bar jiklar yadda yake, an kama hanyar Gaundare da tsakar rana.

Na biyu, ba jiklar ɗaya ne ke ba inji mai ba. Kafireta irin taka hannu uku ke ciyar da ita, kowanne da lokacinsa. Daga silo zuwa kwatan totur aikin ƙaramin jiklar ne da sukurun da ke kusa da shi. Daga kwata zuwa kashi uku cikin huɗu aikin allura ne. Babban jiklar sai ka kusa murɗe totur gaba ɗaya yake karɓar aiki sosai. Harbin da salansarka ke yi in ka saki wuta, da silon da ba ya sauka, duk a ƙasa suke. Ko ka sa 150 a babban ba za su daina ba.

Ga abin da nake so ka yi yau. Samo alli ko farin salatif ka yi alama a jikin hannun totur: rufe, kwata, rabi, uku cikin huɗu, ƙarshe. Hau ka zagaya, ka lura a wace alama yake yin me. Mutane da yawa sukan zo mini su ce yana shaƙewa a giya uku, ko a gudun 60. Kafireta ba ta san giya ba, ba ta san gudu ba. Inda hannunka yake a totur kaɗai ta sani.

Mai Gudu Domayo: Baba, da girmanka, amma ni 120 ɗin ya yi mini. Abin da na gani da idona na faɗa.

Baban Gareji: Ban ƙaryata ka ba, ɗana. Wace kafireta ce a naka?

Mai Gudu Domayo: PZ30 na sa, kuma an yi wa silindar bori.

Baban Gareji: To ka gani. Maƙogwaron taka ya fi nasa faɗi da milimita 3, injinka ya fi nasa ciki. Takalminka ba zai zauna a ƙafarsa ba.

Malamin Fasaha Gaundare: Salamu alaikum. Baba ya riga ya faɗi gaskiyar magana, bari in sa lissafi a kai don a ga girman tsallen da ake shirin yi. A jiklar irin na Keihin, wanda kafiretocin PZ suka kwaikwaya, lambar tana nuna faɗin ramin ne kusan daidai: 100 na nufin milimita 1, 98 kuma ya gaza milimita 1 da ɗan kaɗan. Amma man da ke wucewa ba faɗin ramin yake bi ba, filin bakin ramin yake bi, wato faɗin sau kansa. Daga 98 zuwa 102 filin ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100. Zuwa 105, kusan kashi 15. Zuwa 110, kashi 26. Zuwa 120 kuwa kashi 50 ne cif. Ɗan Yelwa, filta da salansa ba za su ƙara wa injin 150 rabin iskar da yake shaƙa ba har abada. In ka sa 120, baƙin hayaƙi za ka samu, da buji mai kama da gindin tukunya, da man da zai riƙa wanke baƙin mai daga jikin silinda.

Fetur yana ƙonewa tsaf ne idan iska ta ninka shi sau 14.7 a nauyi. Inji ya fi ba da ƙarfi in man ya ɗan fi haka yawa, wajen 12.5 zuwa 13. Tsakanin nan da inda ake lalata inji tazarar ba ta da yawa, shi ya sa ake sayar da jiklar taki-taki: 98, 100, 102, 105, 108, 110.

Maganar sosa rami da waya kuma, ɗan uwana na Njamena, bambancin 100 da 105 kashi 5 cikin 100 ne na milimita ɗaya, kusan kaurin silin gashi. Ba hannun da zai iya auna wannan da wayar birki. Jiklar tagulla ne, waya ƙarfe ce, tana kankare shi ta bar ramin a karkace. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne lambar tana nan a jiki. Gobe wani makanike ya buɗe ya ga 98, ya yi lissafinsa a kan 98, alhali ramin ya kai 115.

Ɗan Kilando Njamena: Malam, wanda yake da shagon kaya kusa da shi yana iya faɗin haka. Mai haya da ya fito da asuba, mashin ya ƙi, ba zai tsallaka gada zuwa Kusiri neman lamba 102 ba. Abin da ke hannunsa zai yi aiki da shi.

Malamin Fasaha Gaundare: Na fahimce ka, kuma ban raina wahalar ba. Amma in dole ta sa ka yi, ka kankare lambar da ke jiki, don na bayanka ya san an taɓa shi.

Mai Kayan Gyara: Tunda an zo kan sana'ata bari in faɗi abin da na sani, ko da zai rage mini ciniki. Jiklar ɗin da ke zuwa cikin 'yan ledoji goma-goma ba duka ne lambarsu ke gaskiya ba. Na taɓa ɗaga guda biyu masu lamba 105 a hasken rana, da ido ma ka ga ramin ɗaya ya fi ɗaya. Shawarata, in za ka saya ka sayi jeri ɗaya daga leda ɗaya, 100 zuwa 110. Ko lambar ba ta cika daidai ba, aƙalla kowanne zai fi na ƙasa da shi. Kada ka haɗa na wannan shago da na wancan. Kuma ka zo da tsohon a aljihu a gwada zaren. Na Mikuni daban ne da na Keihin, zarensu ba ɗaya ba, lissafin lambarsu ma ba ɗaya ba. Mikuni masu kai mai kusurwa shida da yawan man da ke wucewa ake ba su lamba, ba da faɗin rami ba. Wanda ya ga wani a intanet ya ce 130 ya sa, bai tambayi wace kafireta ba, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Ɗan Yelwa: Na gode ƙwarai. Baba, na yi alamar na zagaya ta Rumde Ajiya na dawo. Daga rufe zuwa kwata ne ya fi muni. A rabi yana ɗan jan numfashi yana saki. A ƙarshe yana tafiya, amma in na ɗan rage wuta kaɗan daga ƙarshen sai in ji kamar ya ƙara ƙarfi. Na kuma ja cok rabi ina cikin tafiya, sai ya gyaru.

Baban Gareji: Madalla, yanzu ka kawo magana. Cok iska yake ragewa. Duk injin da ya ji daɗin cok bayan ya yi zafi, mai yake nema. Wannan ƙarfin da kake ji in ka ɗan rage wuta daga ƙarshe kuma shaida ce babban jiklar ya yi kaɗan. Ke nan duka ukun suna son ƙari.

Amma kafin ka sayi komai duba mini abu ɗaya. Akwatin filtar da ka cire ba iska kaɗai yake tacewa ba, shi ke riƙe kafireta ta baya. Yanzu robar da ke haɗa ta da inji ce kaɗai ke ɗauke da ita, ga nauyin sabuwar filta, ga ramukan hanya. Tayar da mashin ya yi silo, ka fesa ɗan man feshin kwance noti a kewayen robar. In kukan injin ya canza, iska na shiga ta nan. Kada ka yi da fetur a kan inji mai zafi. Ka duba gasket ɗin bakin salansa ma, in yana shan iska shi kaɗai yana sa harbi. Sannan da safe kafin ka tayar, a auna tazarar bawul, milimita 0.08 ce ta injin CG yana sanyi. Bawul da ya matse yana kwaikwayon ciwon kafireta har ya ruɗa makanike. In ba ka toshe ɓaraka ba, duk jiklar da ka zaɓa a kan ƙarya ka zaɓe shi.

Alhajin Jambutu: Ni ba makanike ba ne, mashin kawai nake hawa shekara da shekaru. Tambayata ga yaran nan ita ce, ƙarar nan ta mece ce? Muna da marasa lafiya a gida, muna da jarirai. Wani ya wuce ƙarfe ɗayan dare kamar ana harbin bindiga, a yankin da mutane suka san ƙarar bindiga ta gaske. Ku gyara mashin ɗinku ya yi ja, ba wanda ya hana, amma ku tuna da maƙwabta.

Ɗan Yelwa: Gaskiya ne Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Tawa tana da toshiyar da ake cirewa a baki, zan mayar da ita.

Baban Gareji: Mayar da ita tun yanzu kafin ka fara gwaji, ɗana, don in ka daidaita babu ita sannan ka sa, aikin ya koma baya. A yadda za ka riƙa hawa, a haka ake saiti.

Malamin Fasaha Gaundare: Akwai abin da nake so a fahimta game da filtar nan, don yawanci ana ɗauka iska ce ta ƙaru sosai shi ya sa mai ya gaza. Iskar ta ƙaru, amma kaɗan. Babban abin da ya faru shi ne zuƙar da ke tsotso mai ta ragu. Kafireta ba ta da famfo. Iskar da ke gudu ta maƙogwaronta ce ke jawo mai daga kwano, kamar yadda ake shan kunu da tsinke mai rami. Akwatin filta yana ɗan riƙe iskar, wannan riƙon yana ƙara ƙarfin tsotson, kuma da shi kamfani ya zaɓi 98. Ka cire akwatin, tsotso ya yi rauni, jiklar ɗin da ya ishe ka jiya ya gaza yau. Shi ya sa a inji mai bawul irin namu canza salansa kaɗai ba ya cika neman fiye da taki ɗaya, amma cire akwati yakan nemi biyu ko uku. Masu kafireta mai faifan roba a sama kuwa, wadda iska ke ɗaga mata fistin da kanta, su kada ma su fara. Ita da akwatinta aka haife ta.

Na Gashiga: Malam, sukurun da ke ƙasa fa? Ni ogana ya koya mini in ka kwance shi iska kake ƙarawa.

Baban Gareji: Ogan naka ya yi gaskiya a kan wata kafireta, ba a kan kowacce ba. Duba inda sukurun yake. In yana ɓangaren filta, na iska ne, kwancewa na rage mai. In yana ɓangaren inji, kamar na PZ27 da ke ƙasa yana kallon sama, na mai ne, kwancewa na ƙara mai. Ka ɗaure shi a hankali har ya taɓa, kada ka matse don bakinsa siriri ne yana karyewa a ciki, sannan ka kwance zagaye biyu ka fara daga nan. Inji da zafinsa, kana juyawa kwata-kwata kana saurare, inda silo ya fi tashi ya kuma yi santsi nan ne wurinsa. In sai da ka wuce zagaye uku kafin ya gyaru, ƙaramin jiklar ya yi kaɗan, sa 40. In ya gyaru tun bai kai zagaye ɗaya ba, ya yi yawa.

Allura kuma tana da tsaga biyar a kanta, da ɗan kilif a ta tsakiya. Nan ne yara ke rikicewa: ka sauke kilif ƙasa, allura ta hau sama, mai ya ƙaru. Taki ɗaya za ka motsa. Wasu allurai na yanzu tsaga ɗaya gare su, sai a sa siririn wosha a ƙarƙashi.

A babban jiklar ka fara daga sama ka sauko. Sa 110 ko 108. In ya yi yawa zai riƙa tari yana burbura a ƙarshen totur, ba abin da zai lalace sai buji ya yi baƙi. Ka sauko taki-taki har tarin ya ɗauke, ka tsaya nan. Wanda ya fara daga ƙasa yana hawa, da injinsa yake caca. Kuma abu ɗaya ake canzawa a gwada. In ka canza uku lokaci guda ya gyaru, ba ka san wanne ya yi aiki ba, in ya lalace ma haka.

Mai Gudu Domayo: Ni buji kawai nake dubawa. In ya yi kalar shayi da madara an gama.

Malamin Fasaha Gaundare: Bujin da ka yi yawo da shi cikin gari labarin silo da allura yake ba ka, ba na babban jiklar ba. In kana son ya faɗi gaskiya, sa sabo, D8EA ko makamancinsa, inji ya riga ya yi zafi, ka sami miƙaƙƙiyar hanya marar jama'a mai ɗan hawa, ka murɗe totur a babbar giya na ɗan lokaci, sannan ka kama kuloci ka kashe inji a tare, ka gangara ka tsaya. Can cikin gindin farin kaskon ake dubawa, ba bakinsa ba. Kuma fetur na yanzu marar dalma ba ya rina buji kamar na da, sabon buji yana iya fitowa da haske alhali saitin daidai ne. Abin tsoro shi ne fari mai ƙyalli da ɗige-ɗige kamar barkono, wannan fistin ne ya fara narkewa.

Mai Kayan Gyara: A ƙara da maganar man kansa. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bakin titi na kwalba, ba iri ɗaya ba ne, na wannan kwalba daban da na waccan, wani da ruwa, wani da ƙasa, wani an sirka shi. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ya yi tsada, sirki kuma ya ƙaru a abin da nake gani cikin kwanon kafiretocin da ake kawowa. Ranar gwaji dai a daure a sha na gidan mai, ko da lita ta kai sefa 840, a gama saiti da mai iri ɗaya. A kuma sa 'yar filtar mai a tiyo. Ramin ƙaramin jiklar bai kai rabin milimita ba, ƙwayar yashi ɗaya ta ishe shi.

Ɗan Yelwa: Barkanmu da kwana biyu. Baba, Allah ya ƙara girma, robar ce ta tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani. Ina fesawa injin ya canza murya. Na sa sabuwa, na ɗaure kafiretar da ɗan ƙarfe a jikin firam. Daga nan kaɗai silo ya fara sauka. Bawul na fitar da hayaƙi ya ɗan matse, an sake shi. Sannan na bi yadda kuka ce: ƙarami 40, sukuru zagaye biyu da kwata, kilif na sauke taki ɗaya. A babban, 110 ya yi tari sosai, 108 kaɗan-kaɗan, 105 ya tafi sumul a hanyar Pitowa. Yanzu yana ja fiye da da.

Malamin Fasaha Gaundare: Barka. Da wane lokaci ka yi gwajin?

Ɗan Yelwa: Da safe, wajen ƙarfe bakwai.

Malamin Fasaha Gaundare: Ka dace. Iska mai sanyi ta fi nauyi, ta fi neman mai. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 42 a Garwa, nauyin iska yana raguwa da kusan kashi 9 cikin 100. Wanda ya yi saiti da sanyi, in bazara ta zo man zai ɗan yi yawa, ba haɗari. Wanda ya yi saiti tsakiyar zafi ya matse shi daidai-wa-daida, shi ne zai fito da asubar Disamba injinsa na ƙishi.

Haka tudu. Garwa tana kwarin Binuwai, kimanin mita 200 daga teku. Mu nan Gaundare mun haura mita 1,000. In ka hau dutsen nan na bayan Mbe iska ta ragu da kusan kashi 10. Ba duka goman ke komawa kan jiklar ba, kusan rabi ne, wato taki ɗaya: 105 ɗinka zai so ya zama 102 a nan. In zuwa za ka yi ka koma, bar shi, zai ɗan yi nauyi ne kawai. Waɗanda nake ji wa tsoro su ne namu na nan da ake yi wa saiti a kan tudu, su gangara Garwa ko Marwa da kaya ba su ƙara komai ba.

Baban Gareji: Na yi murna, ɗana. Amma akwai maganar da na riƙe tun ranar farko don kada in sare maka gwiwa, yanzu zan faɗa. Cire filtar nan ka shafa farin ƙyalle a cikin maƙogwaron kafireta, ka gaya mini abin da ka gani.

Ɗan Yelwa: Baba, ƙyallen ya fito ja. Har ina jin ɗan ƙasa-ƙasa a yatsa.

Baban Gareji: Wannan a sati uku ke nan, kuma hunturu bai kai tsakiya ba. Abin da ka taɓa da yatsa shi ne ke shiga silinda, ya haɗu da baƙin mai ya zama kamar garin da muke wasa bawul da shi. Ringi yake ci, silinda yake ci. Filtar raga an yi ta ne don masu tsere a kan kwalta mai tsabta, waɗanda ke kwance inji bayan kowane wasa. Mu ƙurarmu daga Sahara take tasowa, laushinta ya fi na garin tuwo, raga ba ta ganin ta. Injin nan na CG da kuke gani, Honda ta fito da shi ne a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashe irin namu, inda hanya ƙasa ce kuma ba kowa ke zuwa gareji a kan lokaci ba. Shi ya sa aka ba shi filtar soso da ake wankewa a mayar. Mutanen da suka zauna suka yi wannan tunanin ba su rasa wayon buɗe wa inji baki ba.

Ni dai shawarata ka mayar da akwatin. Sayi sabon soso, ka jiƙa shi da baƙin mai mai tsabta ka matse har ya daina ɗiga, don man ne ke kama ƙurar, busasshen soso rabin aiki yake yi. Lokacin hunturu ka wanke shi da kananzir duk sati. Yawancin masu cewa akwati na shaƙe mashin, soson ne ya toshe shekara guda ba a taɓa shi ba.

Mai Gudu Domayo: A nan kam ban bi ka ba, Baba. Akwai filta buɗaɗɗiya ta soso mai hawa biyu, ana shafa mata mai kamar yadda ka ce. Ita ce a nawa, kuma maƙogwaron kafiretata fes yake. Ba dole sai an koma akwati ba.

Baban Gareji: Wannan ta fi raga nesa ba kusa ba, na yarda. In kana wanke ta a kan kari za ta riƙe ka. Amma kai kwalta kake bi kai kaɗai. Shi buhu yake ɗaurawa ya shiga hanyar ƙasa bayan manyan motoci, damina kuma ta zo ruwan tayar baya ya riƙa watsa mata. Akwati yana kare wannan duka.

Ɗan Kilando Njamena: Mu masu haya ma ba ma cire akwati, man da zai sha kaɗai ya isa ya hana ka. Ɗan Yelwa, ka auna shan mansa a 105 ɗin?

Ɗan Yelwa: Na lura ya ƙaru, litar da ke kai ni kwana biyu ba ta kaiwa yanzu. Jiya da yamma na mayar da akwatin da sabon soso, salansar na bar ta da toshiyarta. Ina hawa sai ga tari a ƙarshen totur, a rabi ma yana nauyi. Na mayar da kilif tsakiya, na sauko 102, da saura kaɗan, na sa 100 ya washe. Ƙaramin na bar 40 amma sukuru ya dawo zagaye ɗaya da rabi. Jan da nake ji yanzu bai gaza na ranar nan ba, a ƙasa ma ya fi, kuma zafin ya sauka.

Malamin Fasaha Gaundare: Daga 98 zuwa 100 ke nan, kashi 4 cikin 100. Abin da salansar kaɗai ta nema ke nan.

Baban Gareji: Canza baƙin mai yau ɗin nan, kada ka jira lokacinsa, ƙurar sati ukun tana ciki. Ka rubuta 100, 40, tsaga ta uku da fenti a cikin murfin gefe, saboda duk wanda zai buɗe bayanka. Sauran jiklar ɗin ka adana su a kwalbar magani, 98 zai yi maka amfani in zafi ya shigo ka ji ya yi nauyi. Ranar Juma'a bayan an sauko ka biyo ta gareji da bujin in gan shi da idona.